Yaro ya kamu da korona: yaushe zai koma lakwal? Tambayoyin iyayen Damagaram da amsoshinsu

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta taso, ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, tambaya ɗaya iyaye ke tare ni da ita, a bakin asibiti, a wurin suna, har a taron iyayen ƴan lakwal: yaro ya kwanta da masassara da tari, an ce korona ce ko ana zaton ita ce, yaushe zai rataya jakarsa ya koma aji? Na tattaro tambayoyin yadda aka yi mini su, na amsa su yadda nakan amsa baki da baki. Mai gaggawa ya riƙe abu biyu: jikin yaro ake fara dubawa kafin a ƙirga kwanaki, kuma a ƙasar nan ba a sa wa masassara suna sai an yi gwajin palu, wato zazzaɓin sauro.

Likita, tsakani da Allah, har yanzu akwai korona? Ba an ce ta wuce ba?

Abin da ya wuce shi ne halin ta-ɓaci. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta janye matakin gaggawar da ta ɗora a kan cutar. Ƙwayar kuwa tana nan, ta shiga sahun cututtukan da ke zagayowa kamar mura.

Na san da yawa a cikinmu ba su taɓa yarda da ita ba. An samu mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, a cikin watan aka rufe makarantu, ba a sake buɗe su ba sai 1 ga Yuni. Waɗanda gwaji ya tabbatar a Nijar kaf ba su kai dubu 10 ba, waɗanda suka rasu sun ɗara 300, cikinsu har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan jihar nan, da ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020. Adadin ƙarami ne in aka kwatanta da Turai, sai dai mu tuna ba kowa aka gwada ba. A jikin yara, galibi da sauƙi take zuwa: masassarar kwana biyu ko uku, majina, ciwon maƙogwaro, tari, wani lokaci gudawa ko amai. Shi ya sa a yawancin gidaje tambayar ba ta wuce ta komawa lakwal ba.

To kwana nawa zai yi a gida?

Kafin kwana, ga sharuɗɗa uku, kuma sai sun cika gaba ɗaya.

Na farko, masassara ta sauka, ya yi yini da kwana cur, awa 24, jikinsa bai yi zafi ba, kuma ba don an ba shi farasitamol ba. Na biyu, sauran ciwon yana ja da baya: tarin yau ya fi na jiya sauƙi, ba amai, ba gudawa. Na uku, ƙarfinsa ya dawo. Yana cin tuwo, yana fita tsakar gida, ya fara tsokanar ƙannensa. Uwa ta fi kowane likita gane wannan. Yaron da ke kwance a tabarma yana kallon rufin ɗaki bai isa zaman benci daga safe zuwa rana ba, ko da kwanakin sun cika.

Sai ƙirgar kwanaki, wadda a nan kan mutane ke ɗaurewa, don kowa da abin da ya ji a rediyo. A farkon annoba kwana 14 ake cewa. A shawarar da OMS ta fitar a Janairun 2023, mai alamun ciwo ya keɓe kwana 10 daga ranar da ciwon ya fara, wanda gwaji ya nuna yana da ita amma ba ya jin komi ya yi kwana 5, kuma in gwajin gaggawa ya nuna ta fita, ana iya gajarta zaman. Ingila tun Afrilun 2022 ta ce yaro kwana 3 ya ishe shi bayan ranar gwaji. Faransa ta soke keɓewar dole a farkon Fabrairun 2023. Amurka ta yi kwana 10, ta koma 5, daga Maris na 2024 ta daina ƙirga kwana, ta tsaya kan awa 24 ba masassara da samun sauƙi, sannan a yi kaffa-kaffa na kwana 5 bayan an fito.

Bambancin nan ba ruɗu ba ne. Duka a kan abu ɗaya aka gina su: mai korona ya fi yaɗa ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ciwo har zuwa kwanakin farko na ciwon, daga nan ƙarfin yaɗuwar ya riƙa raguwa, bayan kwana 10 da wuya mai ƙaramin ciwo ya shafa wa wani. Kowace ƙasa ta zaɓi inda za ta ja layi tsakanin tsare lafiya da asarar karatu.

Abin da ni nake ce wa iyaye: kwana 5 a gida, tare da sharuɗɗan nan uku, sannan taka-tsantsan har kwana na 10. Ranar da ciwo ya fara ba a sa ta a lissafi. In masassara ta kama shi ranar Alhamis, Juma'a ce kwana na ɗaya, Talata na biyar, Laraba ya koma in jiki ya yarda. In ta kama shi Litinin, makon nan ya tafi ke nan, sai Litinin mai zuwa. In kuma hukumomin lafiya ko na ilimi suka fitar da wata sanarwa saboda ɓarkewar cuta, tasu ake bi.

Me ya sa kuke nanata maganar farasitamol?

Don na san dabarar. Da asuba a ba yaro ƙwaya, jiki ya yi sanyi, a ce ya warke, a tura shi. Farasitamol ba ya kashe cuta, danne zafi yake na awa huɗu zuwa shida. Wajen sha ɗaya maganin ya sake shi, sai ga yaro ya kifa kai a tebur yana rawar ɗari, mushe, wato malamin ajin, ya rasa yadda zai yi da shi, ya kuma riga ya yi wa na kusa da shi tari tun safe. A fara ƙirga awa 24 ɗin daga lokacin da aka daina ba shi maganin.

Tun da maganar ta zo: ana auna farasitamol da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ɗan kilo 20 ke nan bai kai shan ƙwaya guda mai 500 ba. Masassara kuwa daga 38 take farawa a ma'aunin zafin jiki. Gidan da ke da yara, sayen ma'aunin nan a farmasi ya fi dogara da bayan hannu, musamman a watannin bazara da jikin kowa ke da zafi.

Ba mu yi gwajin korona ba. Ya zan gane ita ce ba mura ba?

Ba za ki gane da ido ba, Hajiya, ni ma ba zan gane ba. Korona ta yanzu da mura mai zafi kamar Hassan da Usaini suke a jikin yaro. Ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano da aka san ta da shi a 2020 ya ragu sosai tun zuwan nau'in Omikron, kuma ƙaramin yaro ma ba ya iya faɗa. Gwajin korona ba ko'ina ake samunsa ba a yau, bai kuma kamata rashinsa ya hana ki yanke shawara ba, don dokar ɗaya ce ga dukansu: mai masassara da tari ya zauna gida har sharuɗɗan da na ambata su cika.

Gwajin da nake roƙon kada a tsallake shi ne na palu. Ana komawa lakwal ne daidai ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kan ganiyarsa, kuma shi ne ke kashe mana yara, nesa ba kusa ba fiye da korona. Ɗigon jini ne daga yatsa, a CSI, wato ƙaramar asibitin unguwa, ko a ɗakin shan magani na ƙauye, cikin minti 15 zuwa 20 an samu sakamako. Abin da ya fi tsorata ni shi ne a ce «ai korona ce, ko mura ce, a bar shi ya huta», a rufe yaro a ɗaki kwana uku alhali palu ke cinsa. Masassarar da ta kwana ɗaya, a kai shi a gwada. Kuma samun palu bai kore korona ba, yaro na iya ɗaukar biyun a tare.

In gwaji ya nuna palu ne kaɗai, ba tari ba majina, maganar keɓewa ba ta taso ba, don ba a ɗaukar palu a benci. Ya shanye maganinsa na kwana uku, Coartem ko makamancinsa, ya koma da zarar ya ji ƙarfi.

Wace alama ce in na gani zan bar maganar lakwal in nufi asibiti?

Numfashi da sauri ko da ƙyar, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki in ya ja iska. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, babban yaro in ya haura 30, ba na jira ba ne. Haka in leɓe ya canza launi, ko ya kasa shan ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko farfaɗiya ta taso, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko fitsari ya ɗauke. Masassarar da ta haura kwana uku ita ma a koma da ita wurin likita ko da an riga an je.

Akwai kuma cututtukan da ke fara kama da mura amma ba mura ba ne, kuma jiharmu ta san su. Sanƙarau: ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, yaro ba ya son haske. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an lissafa mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma lokacinsa ɗaya da lokacin murar hunturu. Mashaƙo, da ya ɓulla a Matamai a Yulin 2023: ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, wani farin abu kamar fata ya shimfiɗu a can ciki. Sai ƙyanda: jan ido, majina, tari, ƙuraje su biyo baya daga fuska, kuma mai ita yana yaɗa ta har kwana huɗu bayan fitowar ƙurajen. Ko ɗaya cikin ukun nan ba a jinyarsa da lissafin kwana biyar.

Abu na ƙarshe ba kasafai yake faruwa ba, amma gara a san shi. Mako biyu zuwa shida bayan korona, ko da ta zo da sauƙi, wani yaron yakan tashi da masassara mai naci, ciwon ciki, jan ido, ƙuraje, jan leɓe da kasala mai yawa. Garkuwar jikinsa ce ta harzuƙa, kuma tana iya taɓa zuciya. Wannan na babbar asibiti ne, a kuma gaya wa likita cewa yaron ya yi ciwo makonnin baya.

Ya warware, yana wasa, amma tari ya ƙi tafiya. In ci gaba da riƙe shi?

A'a. Busasshen tari yakan yi mako biyu ko uku bayan cutar ta fita, hanyar iska ce ba ta gama hucewa ba, ga ƙurar hunturu tana ƙara tsokanarta. In za a jira tari ya ɗauke ɗif, rabin ajin ba zai zo ba daga Disamba har Fabrairu. Amma tarin da ya haura mako biyu yana tafe da rama, gumin dare ko masassarar yamma, a je a duba tarin fuka.

Direkta ya ce sai mun kawo takardar da ke nuna ba ya ɗauke da ita.

Wannan ta taɓa ci mini rai. Wata yarinya ƴar unguwarmu ta warke sarai, aka mayar da ita gida daga ƙofar makaranta har sau uku saboda takarda, ta yi asarar kusan wata guda, a shekarar da take da jarrabawa. Direktan ba mugunta yake ba, tsoro yake ji, ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Bayanin shi ne gwajin iri biyu ne. Na PCR, wanda ake yi a ɗakin bincike irin na CERMES a Yamai, yana gano ɓurɓushin ƙwayar ko da ta mutu, har yakan ci gaba da nuna tana nan zuwa wata uku bayan mutum ya warke. Jiran sa ya wanke yaro zalunci ne. Na gaggawa, wanda ake goga auduga a hanci a ga layi cikin kwata ɗaya na awa, ya fi kusa da nuna ko mutum na iya yaɗawa a ranar. In yana samuwa, aka yi a kwana na biyar ya fito ba komi, madalla, hankali ya ƙara kwanciya. In babu, kwanaki da lafiyar jiki sun wadatar.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Uba ko uwa su raka yaron, su riƙe ɗan littafinsa na asibiti, su ce: Mushe direkta, ciwo ya fara ran kaza, masassara ta sauka ran kaza, ga abin da likita ya rubuta. In abin ya ci tura, likitan da ya duba shi zai iya rubuta layi biyu cewa ya isa komawa aji. In kuma matsalar ta zama ta kowa, wurin tattauna ta shi ne taron kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye, a tsayar da magana ɗaya tun farkon shekara.

Ƴan uwansa da suke kwana ɗaki ɗaya fa, su ma su zauna?

In lafiyarsu ƙalau, su tafi. A sa musu ido na mako guda, don yawanci cikin kwana uku zuwa biyar take bayyana. Wanda ya tashi da zafin jiki, nasa lissafin ya fara daga ranar.

Gidanmu gidan yawa ne, ga tsohuwa tana fama da ciwon suga da hawan jini. Ina za mu keɓe shi?

Kin taɓo inda ya fi damuna. Ana ta fargabar kada yaro ya kai wa ƴan ajinsu, alhali wadda ta fi shiga haɗari tana cikin gida, kuma ita ce za ta ce a kawo mata jikanta ya kwanta a gadonta ta yi masa tofi. Korona ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu suga, hawan jini, ciwon zuciya ko ƙoda, da masu ciki. Zaman yaro a gida bai yi amfani ba in a ɗakin kaka ya yi shi.

Ba na cewa a ware masa ɗaki da banɗaki nasa, wannan maganar gidajen Turai ce. Abin da za mu iya shi ne ya yini a rumfa ko ƙarƙashin bishiya a tsakar gida inda iska ke wucewa, ya kwana nesa da tsofaffi da jariri, a cikin gidan sauronsa, taga a buɗe ko da kaɗan. A ware masa moɗa da cokali, a zuba masa abincinsa daban, kada ya sa hannu a kwano ɗaya da sauran na kwanakin nan. Mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, mai ƙarfin jiki. Ita kuwa Hajiya Kaka a lallaɓa ta: ta yi masa addu'a daga bakin ƙofa, kwana biyar kamar yau ne. In ita ta fara masassara ko numfashinta ya canza, ranar za a kai ta, ba gobe ba. Mai shayarwa in ta kamu ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta rufe hanci da baki.

In ya koma, dole ya sa takunkumi?

Babban yaro, ɗan CM ko kwaleji ko lise, ya sa har kwana na 10 in zai iya, musamman cikin aji. Ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ba a sa masa, OMS ma ba ta ce a sa ba. Na tsakiya kuwa a duba hankalinsa. Takunkumin da zai yini a haɓa ko ya zagaya hannun abokai uku gara babu.

Iska ta fi takunkumi aiki a ajin da yara uku ko huɗu ke matse a benci ɗaya. A roƙi mushe ko madam su zaunar da shi kusa da taga ko ƙofa, a bar su a buɗe. Abin dariya, ajin zana da muke kuka da shi ya fi ajin siminti mai rufaffun tagogi kyau ta wannan fuska, ko da yake yana da nasa haɗarin na wuta da ƙura. Ruwa kuma, kowa ya san halin Damagaram, ba kowace makaranta ke da famfo mai zuwa ba. A ɗura masa gorarsa daga gida don kada ya sha a moɗar randar kowa, a koya masa yin tari a cikin gwiwar hannu. Buta ɗaya da guntun sabulu a ƙofar aji ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye ba.

Kwampozisiyo ta zo, ko BEPC ko Bak. Zan bar shi ya rasa shekara saboda kwana biyar?

Jarrabawar cikin aji ana iya daidaita ta. A sanar da makaranta tun ranar farko, ba bayan an gama ba, malamai da yawa sukan ba yaro tasa daga baya. Darussan da suka wuce shi, abokinsa ya ɗauki hoton kaye ya turo ta WhatsApp, ko a aro kayen da yamma ya kwafa in kansa ya daina ciwo. Kada dai abokin ya shigo ya zauna hira.

Jarrabawar ƙasa daban ce, ranarta ba ta motsi. In yaron yana kan ƙafarsa, a je da takardar likita a gaya wa shugaban cibiyar, a nemi a zaunar da shi gefe kusa da taga da takunkuminsa. In kuwa yana cikin masassara mai ƙarfi ko numfashi na yi masa wuya, abin da zai rubuta ma ba zai amfane shi ba, asibiti ce wurinsa.

Allah gafarta Malam ya tambaya: makarantar allo da Islamiyya fa?

Hukuncin ɗaya ne, Malam. Har ma an fi matsuwa a zauren karatu, ana ɗaga murya, kuma ɗaga murya na ƙara fitar da abin da ke cikin ƙirji. Bai dace yaro ya fashe lakwal da safe saboda ciwo, da la'asar a gan shi da allo a cikin tsara ba. Kun fi ni sanin hadisin da ya hana a gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya a mashaya, da wanda ya hana shiga ko fita garin da annoba ta sauka.

Almajiran da iyayensu ke nesa su ne abin tausayi, don ba gidan da za a mayar da su. A ware wa mara lafiya gefen rumfa, a ɗauke masa fita bara na kwanakin, wani ya kawo masa abinci, a kuma kai shi gwajin palu kamar kowane ɗa.

Ɗana yana da emasi. Shi ma kwana biyar?

Mai emasi, wato sikila, duk masassarar da ta kai 38 ta asibiti ce a ranar, ko mene ne sanadinta, don ciwon ƙirji yakan rikiɗe musu da sauri. Haka mai asma da ke yawan tashi, mai ciwon zuciya, mai tamowa, da wanda garkuwar jikinsa ke da rauni. Na ƙarshen nan yakan daɗe yana ɗauke da ƙwayar fiye da sauran. Ranar komawarsu likitan da ya san su ne zai faɗa. In kuma lafiyarsu ƙalau amma ciwo ya cika ajinsu, a yi shawara da shi ko za a ɗan janye su na ƴan kwanaki.

Ƙwallo da wasannin motsa jiki fa?

A hankali. Makon farko ya je aji ya dawo, in yana tafiya mai nisa a rana a samu mai kai shi. Gudu da ƙwallo su biyo baya in ba ya haki. Ciwon ƙirji, bugun zuciya ko jiri lokacin gudu, a tsaya a ga likita. Wasu yaran, musamman matasa, sukan yi makonni da gajiya da ciwon kai da rashin riƙe karatu. Ba lalaci ba ne, bulala ba ta maganinsa. A gaya wa malaminsa, in ya zarce wata guda a koma asibiti.

Wane magani zai sa ya warke da wuri?

Babu ƙwayar da ke gajarta wa yaro mai ƙaramin ciwo kwanakinsa. Amoksisilin da ƴan uwansa ba sa taɓa ƙwayar korona, sai in likita ya ga wani ciwon ya hau kai. Kulorokin da aka yi ta yayatawa a 2020, manyan gwaje-gwaje sun nuna ba ya aiki. Asfirin kuwa kada a ba yaro mai masassarar mura, yana iya jawo wani mugun ciwo na hanta da ƙwaƙwalwa. Masu yawo da magani a tire cikin rana a Kasuwar Dole da tashoshi, a bar musu kayansu.

Ruwa da yawa, kunu, romo, lemun tsami da ɗan citta, zuma cokali ɗaya don tari ga wanda ya haura shekara ɗaya, duka ba laifi. Sirace da tafasasshen ruwan ganyen dogon yaro ne ba na so ga ƙananan yara. Na ga ƙunar da tukunya ta yi wa cinyar yaro a ƙarƙashin bargo, ta fi murar da ake gudu muni sau goma.

In faɗa wa makaranta korona ce? Ina tsoron a riƙa tsokanarsa.

Ki faɗa wa malaminsa da direkta, ba sai duk aji sun ji ba. Suna buƙatar sani don su lura da na kusa da shi, ko akwai mai emasi a bencin, ko madam ɗin kanta tana da juna biyu. Su kuma amana ce a hannunsu. Yaran da suka ga 2020 sun ji yadda ake nuna gida da yatsa, kuma laƙabi irin «mai korona» in ya manne wa yaro yakan bi shi har kwaleji.

Ni malami ne. Yaro ya zo lafiya, wajen ƙarfe goma jikinsa ya yi zafi rau. Me zan yi?

Mushe, ka fitar da shi daga cikin tsara zuwa inuwa, ka ba shi ruwa, ka kira gidansu. Kada ka ba shi ƙwaya daga aljihunka, ba ka san abin da ya sha da safe ba, ba ka san ko yana da wani ciwon ba. Kada kuma ka sallami ɗan CI ko CP shi kaɗai cikin rana ya kama hanya. A zo a ɗauke shi, ko babban ɗan unguwarsu ya raka shi har ƙofar gida ya damƙa shi hannun babba. In wuyansa ya sandare, ko yana numfashi da ƙyar, ko ya fara fizge-fizge, CSI mafi kusa za a nufa da shi kai tsaye, a kira iyayen a hanya.

Ka rubuta ranar a rajistar kiran suna, don da ita za a ƙirga kwanakinsa in ya dawo. In ka ga cikin mako guda yara biyar ko shida na ajinka sun kwanta da ciwo iri ɗaya, ka gaya wa direkta ya sanar da shugaban CSI na unguwar, su zo su duba ko mura ce, ko wani abin da ke buƙatar allura.